Amsa Kan Harsashin Jan Ƙarfe da Awon Albarushi

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya cire kan harsashi na darma ka ɗora na jan ƙarfe mai nauyi ɗaya da shi, ka bar awon albarushin yadda yake, tunda kwanson bai canja ba, bindigar ma ita ce dai. A'a, kada ka yi haka ko sau ɗaya.

Jan ƙarfe bai kai darma nauyi ba. Inda darma take da kusan giram 11.3 a santimita ɗaya ta kowane ɓangare, jan ƙarfe bai wuce 9 ba, saboda haka idan nauyinsu ya zo daidai, na jan ƙarfe zai fi tsawo. Wannan tsawon yana nutsewa cikin kwanso ya cinye wurin albarushi, kuma da yake ƙarfen ya fi darma tauri, ba ya miƙa wuya da sauƙi idan ya shiga tsagin da ke murɗe a cikin bututun bindiga. Abu biyun nan suna ɗaga ƙarfin matsi, awon da ya kasance lafiyayye jiya sai ya zama haɗari yau. Kamfanin Barnes na Amurka, wanda ya fito da irin wannan harsashi a 1989, sai da ya yanka zobba a jikinsa a samfurin TSX na 2003 domin rage matsin da kuma dattin ƙarfe da yake bari a bututu.

Don haka ka nemi littafin awo na kamfanin da ya ƙera wannan harsashin kansa, ka fara daga awo mafi ƙanƙanta da aka rubuta, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kana auna kowane zubi a sikeli. Bayan kowane harbi ka duba gindin kwanso. Idan 'yar hular da ke tayar da wuta ta baje, ko sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ka tsaya nan take ka koma baya. Ban yarda da awon da wani ya faɗa maka da baki ba, ko da ni ne na faɗa.

Haka kuma kada ka zaunar da harsashin har ya taɓa bakin tsagin. Jan ƙarfe ya fi son a bar masa ɗan tazara kafin ya kama, kuma sau da yawa a nan ne saitinsa yake daidaita. Ka wanke bututu sarai kafin gwaji.

Abin da ya fi damuna shi ne dabbar da za a harba. Harsashin jan ƙarfe yana buɗe bakinsa kamar fure, ya ratsa ƙashi ba tare da ya tarwatse ba, amma sai yana tafe da gudu. Idan gudunsa ya faɗi ƙasa da kimanin ƙafa 2,000 a daƙiƙa, yana iya wucewa kamar allura, dabba ta tsere da rauni ta je ta mutu cikin wahala, abin da babu maharbin kirki da zai so. Shi ya sa a bindigar farauta mai lamba .30-06 nake zaɓar mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 150 ko 165 a wurin da a da ake sa na darma mai 180, domin marar nauyi ya fi gudu. Ɓauna kuwa sha'aninta dabam ne, ƙasashen Afirka da yawa ba su yarda a tunkare ta da harsashin da kaurinsa ya gaza inci .375 ba.

Masu kawo mana aiki za su ƙara neman jan ƙarfe, domin jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da darma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli 2019, bayan an tabbatar ɓarɓashinta a kayan cikin dabba yana kashe manyan ungulayen can. Gobe ka zo da littafin awon da kwanso ashirin wankakku, mu fara daga layin farko.