Ƙarancin Sinadarin Fosfet a Jini

Tambaya: Likita, an gwada jinin mahaifiyata, aka ce sinadarin fosfet ya yi ƙasa. Ta daɗe tana shan farin maganin olsa na ruwa, kuma yanzu tashi daga kan sallaya ma yana yi mata wuya. Mene ne mafita? Daga wata mai karatu, Fagge, Kano.

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. A jinin baligi, fosfet yakan kasance tsakanin miligiram 2.5 zuwa 4.5 a kowace desilita, kuma da shi ƙashi ke ƙwari, tsoka ke samun kuzari. Maganin nan nake zargi, domin irinsa mai ɗauke da alminiyom yakan riƙe fosfet a hanji, ya hana shi shiga jini. Ƙarancin bitamin D da doguwar yunwa su ma sukan jawo hakan.

Ku koma wurin likitanta ya sauya maganin, sannan ta yawaita nono, kifi, ƙwai da wake. Idan kuwa numfashinta ya yi nauyi ko ta fara ruɗewa, ku garzaya asibiti, domin a lokacin ta jijiya ake ƙara sinadarin.