Ga 'yar'uwar da ke neman wurin wasan yara a ƙauye

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce aiki ya kawo maigidanki wani gari a gefen Ringim, kun baro Kano da yara biyu, ɗan shekara huɗu da 'yar shekara biyu, kuma tun zuwanku suna manne da ke a ɗaki, ba abokin wasa, ba inda za ki kai su. Kina tambaya ko akwai filin wasan yara ko wata haɗuwar iyaye mata a wannan yanki.

Ni ma haka na zo, yau shekara 9 ke nan, daga cikin birni zuwa wani ƙauye a ƙasar Taura. Filin wasa mai shinge da lilon ƙarfe irin na birni ba za ki same shi a nan ba, kada ki ɓata lokacinki wajen nema. Amma akwai fili, akwai inuwa, akwai yara a kowane gida. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri ɗaya a ƙarƙashin idon babba, kuma wannan mu mata ne za mu yi shi.

Mu gida huɗu ne muke yi. Kada ki fara da kiran sunan ƙungiya, don da an ji haka sai a zaci kuɗi za a raba ko kuɗi za a karɓa. Ni ta wurin taron suna na fara sanin maƙwabtana, daga nan na riƙa aika musu kwanon abinci, su ma su aiko. Da muka saba, na faɗa wa maigidana, shi kuma ya yi wa mazajensu magana bayan sallar magariba. Wannan mataki kada ki tsallake shi. Haka nan tsohuwar gida, ko suruka ce ko kakar yara, ki fara da ita. In ta yarda, magana ta zauna, kuma ita ce za ta fi kowa riƙe miki yaran.

Muna haɗuwa da hantsi, bayan an gama shara da karin kumallo, wajen ƙarfe 9 zuwa 11, kwana uku a mako, gida-gida. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, mukan matso da shi da sassafe don kafin ƙarfe 11 ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa. Da hunturu kuwa sai rana ta ɗaga, a sa musu rigar sanyi a shafa musu mai saboda faso. Lokacin kaka kada ranki ya ɓaci in kin ga ba kowa, mata na wajen ɓarar gyaɗa da gyaran riɗi da zoɓo. Za su dawo.

Kayan wasa ba mu sayi komai ba sai igiya. Mun sa an kawo mana yashi amalanke ɗaya aka zube a gindin darbejiya. Tsofaffin ƙore, ludayi, murafan robobi, gwangwanin madara da aka daddake bakinsa don kada ya yanka hannu, sun ishi yaro tuwon ƙasa har ya manta da ke. Tsohuwar taya muka karɓo wurin mai faci muka rataye a reshe ta zama lilo, amma ki sa a huda ƙasanta, in ba haka ba da damina ruwa zai kwanta a ciki sauro ya yi ƙwai. Manyan yara su ke ƙera wa ƙanana motar kara da 'yar tsana. Tsakuwar carafke, gyaɗa, wake da 'ya'yan darbejiya kuwa, ki nesanta su da 'yar shekara biyunki, don baki da hanci suke tafiya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuto miki da tsawo haka. Wata rana muna zaune mu huɗu a tabarma, ɗaya na tsifa, ɗaya na gyaran shinkafa, hira ta yi daɗi. 'Yata tana da shekara ɗaya da rabi lokacin. Ta tafi bayan madafi inda aka ajiye bokitin wanke-wanke, ruwan ko rabi bai kai ba, ta leƙa, kai ya rinjaye ta ta faɗa ciki. Ba kuka, ba motsin da za a ji. Allah ne ya sa wata yarinya ta zo ɗaukar tsintsiya ta gan ta, ta ƙwalla ihu. Ta rayu, alhamdulillahi, amma har yau in na tuna jikina rawa yake. Mu huɗu manya muna wurin, kowace tana zaton wata na kallo.

Tun daga ranar muka sa doka. Kowace haɗuwa akwai mace ɗaya mai tsaro, kuma ba ta riƙe komai a hannu, ba waya, ba tsifa, ba faifai. In za ta tashi ko bayan gida ne, sai ta kira sunan wata ta ce ga amanar yara nan. Kafin yara su shigo, mai gidan ranar ta kife duk bokiti da baho, ta rufe randa, a tabbatar murfin rijiya yana kai da dutse, a kashe garwashin murhu, a ɗaga tabarma da itace a duba kunama. Kuma yarinya 'yar shekara bakwai mai goyon ƙaninta ba ta cikin masu tsaro, ita ma yarinya ce da ke son wasa. Na san a nan an saba bar wa yayye ƙanne, ban raina hakan ba, amma ban yarda da shi a kusa da ruwa ba.

Da damina ki ja wa ɗanki kunne kan kududdufi, don abokai za su ja shi. Bayan haɗarin nutsewa, a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini. A lokacin ne kuma ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida wata-wata da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Mu in sun zo sukan tarar da yaranmu a haɗe, ba wanda ake tsallakewa. Yaro mai gudawa, ciwon ido ko ƙuraje da zazzaɓi yana gida sai ya warke, kuma mun yi alkawari ba mai jin haushin wannan. Buta da sabulu suna bakin zaure, kowa ya wanke hannu kafin a raba musu kunu ko ɗan wake.

Ɗanki mai shekara huɗu, ki sa babansa ya je firamaren garinku ya tambayi hedimasta ko suna da ajin share fage. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin aji ɗaya, kuma makarantun gwamnati da yawa suna da ajin. Ko babu, filin makarantar da yamma wuri ne mai kyau na guje-guje da gare. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 na buƙatar aƙalla awa 3 na motsa jiki a rana, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1 ga 'yan shekara 2 zuwa 4. Yarana a da suna kuka sai an ba su waya, amma tun da suka sami yashi da abokai, da isha'i barci ke kwashe su.

Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, manyan yara kan cika gidan. Ranakun ne tsohuwarmu ke zama ta ce ga ta nan ga ta nan ku, su amsa ta zo mu ji ta, a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, 'yan mata su yi gaɗa, maza su yi langa. Hausar da yarana suka koya a bakinta ta fi tawa.

In kuna son fita ta musamman, gidan zu na Kano da aka buɗe zamanin Audu Bako yana nan, sai dai ki guji ranakun Sallah saboda cunkoso. Ranar Lahadi kuma babansu na iya ɗaukar babban ya kai shi kasuwar Gujungu ya ga shanu da tumaki, hannunsa a cikin nasa.

Gobe da hantsi ki yi wa yaranki wanka, ki riƙe ɗan goro ko sabulu, ki nemi izinin maigida ki shiga gidan da ke jikin naku ki gaida tsohuwar ciki. Ki bar yaran su sauka daga jikinki su taɓa ƙasa, ke kuma ki ɗan daɗe a zaune. Allah ya raya mana su.