Tambaya da Amsa: Anti, in kai yarana kallon wasan dolfin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki bani shawara. Maigida zai kai mu Dubai hutun ƙarshen shekara, yara sun dame mu sai an kai su kallon wasan dolfin, wanda suke tsalle suna buga ƙwallo ana ɗaukan hoto dasu. To babbar 'yata ce tace ita baza ta je ba wai zalunci ne, babanta kuma yace ai kifi ne kawai kuma ana basu abinci ana kula dasu. Ni dai na rasa bayan wa zan bi.

Maman yara, Kaduna

AMSA

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Gaskiya ni ina bayan 'yarki, Allah ya mata albarka, amma bari mu fara da maganar maigida tunda yawancin mutane haka suka ɗauka. Dolfin ba kifi bane, dabba ce irin su ayu na kogin Binuwai, iska yake shaƙa, haihuwa suke yi kuma uwa nono take shayar da ɗanta. Kowanne yana da irin fiton da yake yi wanda 'yan'uwansa ke gane shi dashi kamar suna, sannan a ruwa da sauti yake gani, sai ya fitar da ƙara taje ta daki abu ta dawo masa ya gane girman abun da nisansa. To ki ɗauki dabba mai wannan baiwa ki sa ta a kwamin siminti, duk ƙarar da ta fitar bango ne zai dawo mata da ita, yau da gobe shekara da shekaru. Murmushin nan da yara ke gani a hoto kuwa ƙirar bakinsa ce haka, ko ciwo yake ko ya mutu fuskar bata canzawa.

Akwai babban ɗan'uwansa da ake kira orka, baƙi da fari, wanda a teku yakan yi tafiyar da ta haura kilomita 100 a rana tare da danginsa, a wasu jinsin ma ɗa namiji baya rabuwa da uwarsa har mutuwa. A 1983 aka kamo wani a gaɓar Aisilan yana ɗan shekara biyu aka sa masa suna Tilikum, aka kai shi Kanada daga baya wurin wasan dabbobin ruwa na SeaWorld da ke Orlando a Amurka, ya girma ya haura tan 5 a cikin kwami, fiffiken bayansa da ya kamata ya miƙe tsaye ya lanƙwashe ya kwanta kamar yadda yake faruwa da kusan duk mazansu da ke tsare. A watan Fabrairun 2010 ya janyo mai horar dashi Dawn Brancheau cikin ruwa ta rasu, ita ce mutum ta uku da ya mutu a kwaminsa, alhali a teku ba'a taɓa tabbatar da orka ya kashe mutum ba. Shima Tilikum ɗin ya mutu a 2017.

Wadda tafi tsaya min a rai ita ce wata orka mai suna Lolita. An kamo ta a 1970, ta zauna a Miami ta Amurka a kwamin da zurfinsa ƙafa 20 ne, kusan tsawon jikinta kenan, abokin zamanta ya mutu tun 1980 bata ƙara ganin wani orka ba har ta mutu a watan Agustan 2023. Shekara 53 fa 'yar'uwa, wallahi in na tuna sai jikina yayi sanyi.

Irin wannan ne yasa Indiya ta hana buɗe irin waɗannan wurare a 2013, Kanada tayi doka a 2019, Faransa a 2021, SeaWorld ɗin ma da kanta ta daina haifar da orka a 2016.

Maigida yana da gaskiya ta wani ɓangaren, masu kula dasu da yawa suna ƙaunarsu tsakani da Allah, akwai likitoci akwai abinci, kuma wanda aka haifa a kwami baza a kwashe shi kawai a zuba a teku ba don bai iya farauta ba. Mun san hadisin matar da ta kulle mage bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ba, to nan ana ciyarwa, amma ciyarwa ba ita kaɗai bace haƙƙin dabba, kuma kuɗin tikitinku shi ke sa a ci gaba da haifar wasu a kwamin.

Shawarata kar ku je, kuma kar a tilasta wa yarinyar. In da hali ku duba maganar biza ku tsallaka Khasab ta ƙasar Oman, tafiyar 'yan awanni ce a mota daga Dubai, ana shiga jirgin ruwa na katako kuma sau da yawa dolfin suna biyo jirgin suna tsalle a gefensa. Ki faɗa wa ƙananan tun a gida cewa wata rana ana ganinsu da yawa wata rana kaɗan, don kar suyi kuka.