Kaya ya karya ƙafar ƙanena a tashar Apapa, wa zai biya diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Suna sauke kaya daga wani jirgin ƙasar waje, igiyar injin ɗaga kaya ta tsinke, kayan ya faɗo masa a ƙafa ta karye. Ɗan kwangilar da ya ɗauke su ya ba shi ɗan kuɗin magani, ya ce ai aikin wucin gadi yake yi, ba shi da wani haƙƙi. Wani kuma ya ce mana dokar teku ta ɗora wa mai jirgi biyan komai. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Maganar ɗan kwangilar nan ba ta da tushe. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci mai aikin wucin gadi ƙarara, ko da da baki aka ƙulla aikin. Hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ce ke biya, daga kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da doka ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su zuba. Ba a tambayar laifin wa. A nuna a bakin aiki ya ji raunin, shi ke nan. Akwai kuɗin jinya, in kuma ya nakasa gaba ɗaya har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Inda mutanenmu ke yin asara shi ne jinkiri. Ana so mai raunin ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Ku yi sanarwar a rubuce. Kuma ko an kai shi wajen mai ɗori, kada a tsallake asibiti, don hoton ƙashi da rahoton likita su ne shaidarsa.

Shi kuwa wanda ya ce mai jirgi ne zai biya komai, ya gauraya abu biyu. Yarjejeniyar ma'aikatan jiragen ruwa ta duniya ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta shafi waɗanda ke aiki cikin jirgi suna tafiya da shi. Su ne mai jirgi ke ɗaukar nauyin jinyarsu, wanda ba a yarda wata ƙasa ta taƙaita shi ƙasa da mako 16 ba, ya kuma mayar da su gida da kuɗinsa. Lebura da ke kwana gidansa ba ya ciki.

Amma akwai wata ƙofa, kuma babbar tambayar da ke buɗe ta ita ce: injin nan na wa ne? In na tasha ne, babu ruwan mai jirgi, sai in sakacinsa ko na ma'aikatan jirgin ne ya jawo. In kuwa na jirgin ne, dokar shari'ar harkokin teku ta 1991 ta ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron ƙarar raunin da lalacewar jirgi ko kayan aikinsa ta jawo, har ma ta tsare jirgin sai an ajiye jingina. Jirgin da aka tsare asara yake jawowa kullum, shi ya sa kamfanin inshorarsa ba ya wasa da irin wannan ƙara. Sai dai jirgi ba ya jiran kowa. Yau ɗin nan ku rubuta sunansa, da tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, da lambar IMO da ke jikinsa, wato lambar shaidar jirgin ta duniya, ku kuma nemi abokan aikin da abin ya faru a idonsu.

Karɓar diyyar NSITF da kai ƙara kotu suna iya cin karo da juna, don haka a ga lauyan da ya san shari'ar teku kafin a zaɓa. Ku kuma kai maganar ƙungiyar ma'aikatan tashoshin ruwa, MWUN, da hukumar NIMASA mai rajistar leburorin tasha. Kafin nan, in ɗan kwangilar ya kawo wata takarda ya ce shaidar karɓar kuɗin magani ce kawai, kada ƙanen naku ya sa hannu sai lauya ya karanta.