Mara lafiya ya ce ana sa masa guba a abinci, me zan ce masa?

Tambaya: Salam. Ni ɗalibar jinya ce, an turo ni sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa. Akwai wani mara lafiya kullum sai ya ce ana zuba mishi guba a abinci, wai kuma yana jin muryoyi na zaginshi. Na ce masa ba gaskiya ba ne, tun daga ranar ya daina kula ni. Don Allah ya ake magana da irinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ga abin da kika faɗa masa ɗin gaskiya ne, amma shi a wajensa gubar nan tabbas ce, muryoyin ma da kunnensa yake ji, to da kika ƙaryata shi sai ya saka ki cikin sahun waɗanda ba su yarda da shi ba, wata ƙila ma cikin masu zuba gubar. Musu ba ya cire irin wannan tunanin, sai dai ya ƙara kafe shi. Amma fa kar ki koma ɗaya gefen ki ce eh nima na ji su don ki samu ya sake da ke, wannan ya fi muni, kin ƙara masa ciwo kenan.

Tsoron za ki yi wa magana, ba gubar ba. Ki ce masa "ni dai ba na jin muryoyin, amma na yarda kai kana jinsu, kuma na ga suna tayar maka da hankali, me suke ce maka?" Tambayar ƙarshen nan kar ki tsallake ta, domin in har suna umartarsa ya cutar da kansa ko wani, a take za ki sanar da babbar nas ko likita, kuma kar ki taɓa yi masa alkawarin ɓoye irin wannan. Ɗalibai da yawa na tsoron tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, wai kar su sa masa ra'ayin, tambayar ba ta sa shi, sau da yawa ma marasa lafiyar sauƙi suke ji an buɗe musu ƙofa.

Ki rage tambayarsa "me ya sa", kamar tuhuma yake jinta. Jimla gajera, murya ƙasa, ki zauna ɗan nesa ta gefe kar ki tsaya masa a ka, kar ki taɓa shi ba zato, kuma ku daina raɗa ko dariya da abokiyar aiki a inda yake hango ku, shi zai ɗauka da shi ake. In ya yi shiru ki bar shi, ba dole sai kin cike wajen da surutu ba.

Tun 1952 Hildegard Peplau, wata nas Ba'amurkiya, ta nuna cewa alaƙar nas da mara lafiya ita kanta magani ce, kuma matakin farko shi ne ya san ke wace ce ya amince da ke. Don haka gobe ki koma, ki gaishe shi, ki faɗi sunanki, ki ce za ki zauna minti 10, ko bai tanka ba ki cika minti goman, in kin ce za ki dawo ƙarfe 4 ki dawo ƙarfe 4. Batun abinci kuma ki tambaya ko za a iya ba shi wanda ke rufe ya buɗe da hannunsa, sannan ki riƙa rubuta abin da ya ci da wanda ya ƙi don likita ya gani.