Gajeren labari ya ba ni haushi: zan iya rubuta hakan a jinga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi, kuma a wannan zangon malaminmu ya ba mu gajerun labarai, ya ce kowa ya rubuta abin da ya ji a ransa bayan ya karanta. A jingar farko na bi labarin daki-daki, sai ya ce taƙaitawa kawai na yi. A ta biyu na rubuta cewa labarin ya burge ni kuma yana da darasi, sai ya tambaye ni da jan biro: "A ina?" Yanzu ga na uku a gabana, kuma gaskiya haushi ya ba ni. Labarin wata yarinya ne da mahaifinta ya tafi ya bar su shekara goma. Ta kwana tana tsara maganganun da za ta faɗa masa, amma da ya iso sai kawai ta karɓi jakarsa ta wuce gaba, labari ya ƙare. Shin zan iya rubuta cewa haushi na ji, ko kuwa ni ce ban fahimta ba?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki rubuta haushin nan, kada ki ɓoye shi, domin a cikin jingoginki uku wannan ne karo na farko da labari ya taɓa ki har kika kasa yin shiru, kuma abin da malaminki yake nema ke nan tun farko. Sai dai haushi shi kaɗai bai zama sharhi ba, har sai kin koma cikin labarin kin nuna da yatsa wurin da ya fara kama ki.

Ga yadda nake ganin lamarin, bisa abin da kika bayyana. Marubucin ya sa kin kwana tare da yarinyar, kin ji duk maganar da ta tanada, kin ɗauki nauyinta a ƙirjinki, kina jiran safiya ta yi a amayar da ita. Da lokacin ya zo sai ya hana ta baki, ya miƙa mata jaka. Ashe ke nan nauyin da ta kasa saukewa ke ma an bar ki da shi, kuma shi ne kike kira haushi. Mai karatun da bai fahimci labarin ba zai rufe shafin ya wuce abinsa, babu abin da zai tsaya masa a wuya. Saboda haka ki sake karantawa da fensir a hannu, ki ja layi a ƙarƙashin kowace jimla da ta sa kika sa rai, sannan ki tsaya a kan jakar: mece ce a cikinta, tana da nauyi ko sakayau take, da hannu ɗaya ta karɓa ko da biyu, ta kalli fuskarsa ko ƙasa take kallo? Kowace amsa hujja ce. Idan jakar sakayau ce bayan shekara goma, wannan kaɗai magana ce mai tsawo a kan mahaifin, wadda marubucin ya faɗa ba tare da ya buɗe bakin kowa ba.

Wannan dabi'ar gajeren labari ce. Tun a 1842 marubucin nan na Amurka, Edgar Allan Poe, ya bayyana cewa gajeren labari abu ne da ake karance shi a zama ɗaya, kuma ya kamata kowace kalma a cikinsa ta yi aiki wajen haifar da tasiri guda a zuciyar mai karatu. Marubucin dogon labari yana da filin da zai warware kowane ƙulli, amma mai gajeren labari yakan yanke zaren a daidai inda ya fi ɗaurewa, ya bar sauran a hannunki.

Idan kuma kina tsoron cewa ra'ayinki ba shi da daraja a aji, ki sani masana sun daɗe suna tattauna wannan batu. Louise Rosenblatt, wata malamar adabi a Amurka, ta yi rubutu tun 1938 tana nuna cewa ma'ana tana samuwa ne a haɗuwar mai karatu da matani, wato rubutun da ke gabansa, kowane da abin da ya zo da shi. Amma akwai gargaɗi daga wani ɓangaren, kuma ina so ki riƙe shi da kyau. I. A. Richards na jami'ar Cambridge a Ingila ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi ba tare da sunayen marubutansu ba, yana neman ra'ayinsu, sannan ya buga sakamakon a 1929. Ya tarar da yawansu ba abin da ke kan takarda suke amsawa ba: wasu tunanin rayuwarsu ne ya janye su daga matanin, wasu kuwa sun zo da amsar da suka riga suka haddace. "Labarin yana da darasi" irin wannan haddatacciyar amsa ce, domin za a iya liƙa ta a jikin kowane labari ta zauna daram. Shi ya sa malaminki ya ce "A ina?", kuma a ganina tambaya ce ta mai son ki da alheri.

Wajen rubutawa, taƙaitawar kada ta wuce jimla biyu ko uku, tunda malamin ya san labarin. Ki fara da abin da kika ji, da sunansa na gaskiya, ki kawo jimlar da ta jawo shi kamar yadda take a matanin, sannan ki bayyana dabarar da aka yi amfani da ita, ko ta salo ce, ko ta zubi da tsari, ko ta zaɓen wanda ake ganin labarin ta idonsa. Daga nan jigo zai fito da kansa. Idan karatu na biyu ya sauya miki ra'ayi, ki faɗi hakan a fili, domin sakin layin da ɗalibi ya nuna yadda tunaninsa ya juya yakan fi kowane armashi. Idan kuma bai sauya ba, kina da cikakken 'yancin cewa ƙarshen bai gamsar da ke ba, muddin kin nuna abin da labarin ya yi alkawari bai cika ba.

Akwai abu guda da nake so in ƙara, domin labarin uba da ya tafi yakan fama wa wasu masu karatu tsohon miki. Idan haka abin yake a gare ki, ba dole ba ne ki buɗe sirrin gidanku a takardar da za a sa wa maki. Ya isa ki ce kin san irin shirun nan da ke kama mutum a gaban wanda ya daɗe yana jira, sannan ki koma kan yarinyar da jakar da ke hannunta.