WhatsApp na aiki, shafi ya ƙi buɗewa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da rumfar cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim. Wani lokaci saƙon WhatsApp na shigowa lafiya, amma in na rubuta sunan shafi sai waya ta ce ba ta same shi ba. Wani ɗan makaranta ya ce in canza DNS. Mene ne shi, kuma zai ƙara min ƙarfin sabis?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Yaron yana da gaskiya, amma rabi.

Na'urorin intanet ba su san suna ba, lamba suka sani. Kai kuwa suna kake rubutawa. DNS shi ne ɗan aiken da ke nemo lambar da ke bayan sunan. Ka ɗauka baƙo ne ya sauka tasha yana neman gidan wani: a tura shi wurin hakimi, hakimi ya ce dagacin wane, dagaci ya haɗa shi da mai unguwa, shi ne zai nuna ƙofa. Haka ɗan aiken yake yi. Ya tambayi tushe, wato manyan na'urorin da ake fara tambaya, tushe ya ce sunan da ya ƙare da .ng a je wa masu riƙe da sunayen Najeriya, wato NiRA, su kuma su nuna mai shafin. Kafin wani masanin kwamfuta, Paul Mockapetris, ya tsara wannan a 1983, takarda guda ce tal a Amurka ake rubuta dukkan sunaye, kowa ya kwafa. Yau wa zai iya?

In ɗan aiken kamfanin layinka ya yi nauyi, hanya na nan amma babu mai nuna gida. WhatsApp kuwa sau da yawa ya riga ya ƙulla haɗinsa tun farko, shi ya sa bai tsaya ba.

Fara da kashe data ka kunna. In bai yi ba, kuma wayarka Android 9 ce ko sama, shiga saiti, nemi Private DNS, ka rubuta dns.google. Suna ake sawa a nan, ba lambar ɗan aiken Google, 8.8.8.8, da ake yawan faɗa ba.

Ƙarfin sabis kam a'a. In sanda ɗaya ce a rumfarka, ɗaya za ta zauna. Kuma duk wanda ka naɗa ɗan aike yana ganin sunan kowane shafin da ka nema, don haka kar ka sa DNS ɗin da aka turo a zauren WhatsApp da alkawarin data kyauta.